Mai Riƙe da Kyamara

Daren jiya na sake kunna bidiyon nan.
Minti arba'in da ɗaya, hoto na ta rawa.
Mu huɗu muka hau Dutsen Kagoro,
amma uku kawai ake gani.

Ga Didam a gaba, ɗan gari,
yana nuna hanya da kara kamar gonar ubansa.
Ga ƙanwarsa Zigwai, jaka ta fi ta faɗi,
tukunya na ƙara a gindinta,
tana rantsuwa ba ta ƙara bin mahaukata.
Ga ni da takalmin gwanjon Kasuwar Barci,
na hagu ya wage baki tun kafin rabin hanya
yana yi wa mai shi dariya.

Kai kuwa, Sha'aban, babu fuskarka.
Sai numfashi.
Huci a bayan kowane hoto kamar zugazugin maƙeri,
sai muryarka jefi-jefi:
"Ku koma, ku sake tahowa,
ku yi kamar ba ku gaji ba."
Sau uku muka haye rafi ɗaya saboda kai.

A minti na goma sha tara
wata tsohuwa ta faɗo cikin hoton,
buhun citta a ka, silifas ɗaya ja, ɗaya shuɗi.
Ta wuce mu a hawan da muke rarrafe,
ta waiwayo, ta jefo magana da harshensu.
Didam ya ƙi fassarawa sai da muka matsa:
"Wai wa ya kore ku daga gida?"
Nan hoton ya karkace,
ga sama, ga ciyawa, ga gwiwar wani.
Dariya ce ta kayar da kai.

Daga nan sai duhu da ƙarar ruwa a kan leda.
Ruwan sallamar damina ne, bai zo da wasa ba.
Ashana ta jiƙe, taliyar Zigwai ta kwana ɗanya,
muka kwaɗa garin rogo da ƙuli a murfin tukunya,
hannu huɗu, babu mai ganin lomar wani.
Ka ce, "Saura kashi biyu cikin ɗari."
Sai allo ya yi baƙi.
Iyakar bidiyon ke nan.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin kowace waya.
Da asuba muka fito daga tantin, sanyi har ƙashi,
ka yi alwala da ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse.
Da gari ya waye sai ga gajimare a ƙarƙashinmu,
fari, shimfiɗe, kamar audugar da aka baza a tsakar gida,
Kafanchan ta ɓace a ciki, sai kan eriya ɗaya.
Ka laluba aljihu, ka tuna, ka saki hannu.
Ranar na fara ganin ka kalli abu
da idonka biyu, ba gilashi a tsakani.
Bakinka a buɗe. Ba ka ce kowa ya koma baya ba.

Wata bakwai ke nan da muka raka ka makwanci.
Shekaranjiya Inna ta aiko ƙaninka Tudun Wada,
wai ko ina da hoton tafiyar nan, ta ga fuskarka.
Na je da kunya, na ce, "Inna, ba ya ciki,
shi ne mai ɗauka."
Ta ce in kunna duk da haka.

Ba ta kalli dutsen ba, ba ta kalli mu ba.
Ta kara wayar a kunne kamar mai jiran kira,
ta rufe ido, minti ɗaya, biyu, biyar.
Can ta ce, "Ga shi nan.
Haka yake tun yana goye.
In ya gaji ba ya faɗa, sai dai ka ji a hancinsa."

Ta miƙo mini wayar.
Ta ce, "Mayar da shi wurin rafin."